Yadda za ka haɗa bindigar fim ɗin soja ba tare da ka kwana a komisariya ba

Tun da munka saki ɗan fim ɗinmu na soja, duk inda na zauna, a fada wajen shayi ne ko a bakin kasuwa, tambayar ɗaya ce, wai a ina kunka samo kalashi? Wani ma jawo ni gehe ya yi yana rage murya, wai shi ya san sojoji ne sunka ara muna, in hwaɗa mishi gaskiya ba zai gaya ma kowa ba. Wallahi dariya ta kusa kada ni. Bindigogin nan guda 12 ne kuma babu wadda ta taɓa jin warin albarushi, katako ne da tiyon roba da tsohon silifa, wasu kuma soso, wani dattijon kafinta a Sabon Gari ya yanka muna su. To tunda tambayar ta yi yawa bari in zayyana yadda ake yi, wanda zai ɗauka ya ɗauka, amma dan Allah ka karanta har inda na yi maganar takarda, kar ka tsaya a wajen fenti ka ruga.

Da farko ka cire ma ranka cewa a manyan finafinan Amurka duk bindigar da ka gani ta gaske ce. Ba haka ba ne. Kashi-kashi suke. Akwai wadda ake kira ta jarumi, ita ce kamara ke matsowa kusa da ita, ƙarhe ne, komi nata na motsi. Akwai ta roba, an zuba ta cikin zubi kamar yadda ake zuba tukunyar dalma, ita ake ba mai gudu da mai tsalle daga mota da wanda za a buga ma gindin bindiga a ka, kuma duk taron sojan da kake hangowa can baya mafi yawansu roba ce a hannunsu. Akwai mai gas ko batir da ke harba 'yan duwatsun roba, ita tana motsi kamar ta gaske in ba a sa mata komi ba. Sannan akwai ta gasken da ake sa ma harsashin wofi, wato ƙwanso da albarushi babu kan dalma, ƙara da wuta kawai. Wagga ta ƙarshe ba ɗan wasa ke ajiye ta ba, akwai mutum na musamman mai lasisi da aikinsa kenan, shi ke kawowa, shi ke ɗurawa, shi ke amshewa da an ce kat. A can wani lokacin ma ta gasken ta hi arha, daraktan wani fim na Nicolas Cage na 2005 da bakinsa ya ce bindigogi 3,000 na gaske ya saya don sun hi na ƙarya sauƙin kuɗi. Can kenan. Mu nan Maradi kar ma tunanin ya zo maka.

Kuma ba tsoro ne kawai ba. Harsashin wofin da kake jin kamar wasa ne, ya kashe mutane. A 1984 wani ɗan wasa Jon-Erik Hexum, an tsaya hutu a wajen ɗauka, ya ɗora bakin bindiga a gehen kansa da wasa ya ja kunama, babu dalma a ciki amma ƙarhin iskar kaɗai ya hwasa mishi ƙashin kai, kwana kaɗan ya mutu. A watan Maris na 1993 Brandon Lee, ɗan Bruce Lee ɗin nan da munka taso muna kallo a gidan bidiyo, yana da shekara 28, ana ɗaukar The Crow a Karolina ta Arewa, ashe wani kan harsashi ya maƙale cikin bututun bindigar tun wata ɗauka da anka yi kwanaki kahin nan, babu wanda ya leƙa, aka sa na wofi aka harba, ya turo wancan maƙalallen ya shige mishi ciki. Na kusa-kusa kuma shi ne na Oktoban 2021 a wajen fim ɗin Rust a jihar Niyu Meksiko, bindiga na hannun Alec Baldwin ana gwaji, harsashi mai rai ya hita ya kashe mai ɗaukar hoto Halyna Hutchins ya raunata darakta Joel Souza, daga baya kotu ta ɗaure yarinyar da ke kula da makaman wata 18. Ka duba hwa, mutanen da ke da miliyoyin dala da ƙwararru da asibiti a kusa. A wajensu har harsashin ado da ake nuna ma kamara ana sa mishi 'yan ƙananan ƙwallaye a ciki don in an girgiza a ji yana kacau-kacau a san ba mai rai ba ne, amma duk da haka mai rai ya kutso. To ina ga ni da kai da muke ɗauka da kamara ɗaya da janareto na haya? Shi ya sa ƙa'idata ta farko ba ta da kwana: duk abin da zai iya harba wani abu ba ya shigowa wajen ɗauka. Har bindigar toka ta maharba. Za ka samu wani ya ce kawunsa na da ita a ƙauye, babu komi a ciki, shekara nawa ba a ɗura ba. Ka ce mishi ya gaida kawu.

To mu zo ga aiki. Kahin ka je wajen kafinta ka zauna da labarinka ka tambayi kanka, wane zamani ne, kuma wa ke riƙe da bindigar. Wanga shi ne inda yawancinmu ke zubar da mutunci. Kalashi, Mikhail Kalashnikov ya ƙera ta, lambar 47 ɗin nan shekarar 1947 ce, wadda ta hi yawa a duniya kuma ƙanwarta ce AKM ta 1959. In labarinka na yanzu ne, soja ko ɗan bindigar daji, ita ce. Amma in ka ce za ka yi labarin zuwan hafsoshin Faransa Voulet da Chanoine na 1899, waɗanda sunka ƙone garuruwa tun daga yamma sunka yi karo da Sarauniya a Lugu har ajalinsu ya same su nan yankinmu wajen Maijirgi, ka ba sojansu kalashi, ai ka gama da kanka, ko ɗan lakwal zai yi maka dariya. Bindigogin Faransa na lokacin dogaye ne irin su Gras da Lebel, katako har kusa da baki, babu lanƙwasasshen gidan harsashi a ƙasa, kuma abin daɗin shi ne sun hi kalashi sauƙin sassaƙawa. In labarin kakanninmu ne da anka kwasa zuwa yaƙin Indoshin ko Aljeriya, MAS-36 ce da MAT-49. In sojan Faransa na 'yan shekarun baya ne, FAMAS ɗin nan gajera mai gidan harsashi a bayan kunama. In ka tsallaka iyaka labarin na Najeriya ne na da, G3 ko FAL, su gidan harsashinsu miƙaƙƙe ne mai cin 20. Minti goma a intanet ya ishe ka ka ga hoton kowace.

Ka samu hoton bindigar ta gehe, miƙe, ba a karkace ba. Ka kai wajen masu fotokofi su buɗa maka shi a takardu ka liƙa su jere har tsawon ya kai na gaske. Kalashi mai gindin katako santimita 88 ce ko ƙasa da haka da kaɗan, G3 ta ɗan haura mita ɗaya. Kar ka yi da ido. Ta farkon da munka yi da ido munka yi ta, ta hito kamar ta yara ta sallah, jarumin namu ga shi dogo, ya riƙe ta kamar ya riƙe muciya. Ka liƙa hoton a kwali ka yanke, wanga kwalin shi ne ma'auninka, shi za ka kai ma kafinta.

Namu kafintan, Baba muke ce mishi, da ya ga kwalin sai ya aje zarto ya dube ni sama da ƙasa ya ce, yaro, mi za ku yi da wanga? Sai da na nuna mishi takardarmu da hotunan wasan da munka yi a baya sannan ya ce to bismilla. Kuma na ji daɗin tambayar, kafintan da bai tambaye ka ba shi ne abin tsoro. Ga yadda ya yi: jikin tsakiya da gindi da mariƙi daga falanki ɗaya ya hidda su, farin katako mara nauyi, kauri kamar yatsa biyu da rabi, ya bi gehunan da magagari ya kashe kaihin don bindiga ba ta da kusurwa irin ta benci. Gidan harsashin daban ya yanka shi, lanƙwashe kamar ayaba, ya sa ƙusa mai zare ya ɗaure. Guda biyu kawai munka ce ya yi ma gidan da ke cirewa, da ɗan maganaɗisun tsohuwar sifika a ciki, saboda wajen da jarumi zai canza gida a gaban kamara. Sauran goman a liƙe suke, ba mai lura. Bututu kuma tiyon roba ne irin na masu haɗa wayar lantarki, siriri, da wani guntu a samansa, aka cusa sanda a ciki aka toshe bakin da gam, sai ɗan rami mara zurhi da anka shafa ma baƙi don ya yi kamar huda. Ka ji na ce roba. Kar ka yarda wani ya ce a kai ma mai walda ya sa bututun ƙarhe don ta hi kyau. Ranar da jami'in tsaro ya kama ka da katako da roba, bayani ne. Ranar da ya kama ka da bututun ƙarhe mai rami da kunama, ƙirar gida ce a idonsa, kuma yana da gaskiya.

Ƙananan tarkacen da ke jikinta, abin saiti na gaba da na baya, madannin gehe, zoben kunama, duk da tsohon silifa da kwali mai kauri da wayar rataye kaya munka yi su, reza da sufa gulu kawai. Maɗaurin rataya kuma igiyar tsohuwar jakar lakwal ce, a 'yan gwanjo za ka samu kala-kala, ka zaɓi kore mai duhu ko ruwan ƙasa.

Yanzu fenti, kuma nan nake so ka natsu don nan ne ƙaryar ke zama gaskiya ko ta tonu. Kuskuren kowa shi ne ya sayo baƙin fenti mai ƙyalli ya feshe ta tun daga baki har gindi, ta hito tana walƙiya kamar takalmin ango. Bindigar da ta sha daji ba ta ƙyalli. Ka hwara da samfefa, ka goge har zanen katakon ya ɓace a duk inda zai zama ƙarhe, in da ramuka ka cike da garin katako da gam, ka sake gogewa. Ka rufe gindi da mariƙin gaba da takarda da salatif. Ka fesa baƙi mara ƙyalli, sama-sama, sau biyu ko ukku, kana bari yana bushewa, kuma kar ka yi a waje ranar da buji ya taso, mu sai da munka sake guda huɗu don ƙura ta manne musu kamar an barbaɗa gero. In ya bushe sai sirrin: fensir. Fensir na 'yan makaranta. Ka goga bakinsa a samfefa ka tara garin, ka dangwala da yatsa ka murza a kan baƙin, musamman gehuna da kusurwoyi da inda hannu ke yawan taɓawa, ka bi da tsumma. Wallahi ranar da na hwara gani sai da na ce subhanallahi, katako ya koma ƙarhe a gaban idona, wani irin toka-toka mai ɗan sheƙi in rana ta doke shi. Wajen katakon kuma ba fenti za ka sa ba, man takalmi ja ko ruwan ƙasa, Kiwi ɗin nan, ka shafa ka goge ka sake shafawa, in kana so ya yi duhu ka ɗan haɗa da baƙi. Sannan ka ɓata ta. Eh, ka ɓata ta da gangan, ka buga gindin a dutse, ka karce da ƙusa, ka naɗa baƙin salatif ko ƙyalle a mariƙin ta 'yan daji, ka tura ta cikin rairayi ka kakkaɓe. Kowace ta samu nata tabon kar su hito kamar 'yan biyu.

Saura nauyi. Kalashi da harsashinta kusan kilo 4 ce, tamu ta katako ko kilo ɗaya da rabi ba ta kai ba, kuma kamara na gani, yaro na gudu bindiga na rawa a hannunsa kamar kara. Guda ukkun da ke gaba-gaba Baba ya huda musu rami a gindi da cikin gidan harsashi munka ɗura rairayi a leda munka toshe. Ba ta kai ta gaske ba amma kahwaɗa ta san an rataya mata abu. Na masu faɗuwa da kokawa kuma akasin haka, katifar soso mai tauri da silifa munka yanka, sanda siririya a tsakiya, don in ta bugi mutum a baki kar a tahi likita.

Duk wanga da na lissafa, in ɗan wasanka bai iya riƙo ba, asarar fenti ka yi. Ku nemi tsohon soja. Kowace unguwa akwai su, suna zaune ƙarƙashin bedi ba mai tambayarsu komi. Mu wani maƙwabcinmu ne, Baba Sarzan, munka kai mishi goro da sukari munka ce Baba a taimaka a gyara muna yara. Ya zo da yamma hilin ƙwallo, ya sa su jere, ya bi su ɗaya bayan ɗaya da 'yar sandarsa. Abin da ya hwara bugewa yatsa ne. Kowa ya cusa yatsa cikin kunama yana muzurai, ya ce ku cire, soja ba ya sa yatsa nan sai zai harba, a miƙe take a gehe. Na biyu baki, ba a nuna ma abokin tahiya bakin bindiga, ƙasa take kallo in ana tahiya. Na ukku gindin ya zauna cikin kahwaɗa, kumatu ya kwanta a kai, ba irin ta Rambo da ake riƙewa a ƙugu ana ihu ba. Wani yaro ya ce Baba ai katako ne. Ya dube shi ya ce, ɗana, in kai ka san katako ne, mai kallo ma zai sani. Maganar nan ta zauna min. Tun ranar munka sa doka, daga an miƙa maka ita har ka maido, ta gaske ce, ba a jingina ta a bango a tahi shan ruwa, ba a nuna ma wani da wasa, ba a ɗaukar hoto da ita a sa a Facebook ko TikTok, wanga na ƙarshen ma shi ya hi ba mu wahala da samari.

Baba Sarzan ne kuma ya koya musu bugun baya. Bindiga in ta tashi tana tura kahwaɗa baya bakin ya ɗan ɗaga sama, kaɗan, da sauri, ya dawo. Yaranmu da girgiza dukkan jiki suke kamar masu bori. Dabarar da ta yi muna aiki ita ce mutum ɗaya ya tsaya bayan kamara da falanki biyu yana bugawa, kwas, kwas-kwas, duk bugu ɗaya mai harbi ya motsa kahwaɗa, wanda anka harba shi ma ya san lokacin faɗuwa, kuma mai montaj, wato mai haɗa fim ɗin a kwamfuta, ya samu alamar inda zai ɗora wuta da ƙara. Sannan ku riƙa ƙirga. Gidan kalashi 30 yake ci, kuma tana zuba kusan 600 a minti, ma'ana in ka danne kunama daƙiƙa 3 ya ƙare. Jarumin da ya yi minti biyu yana ɓarin wuta bai canza gida ba, tsohon soja na gani zai tashi ya bar kallon. Ku yi biyu-biyu, ukku-ukku, a ɓoye, a canza gida, ai canza gidan ma da hannu na rawa ya hi harbin daɗin kallo.

Wuta da ƙara duk a kwamfuta ne ko a salula. CapCut ma na yi, KineMaster na yi, in kana da inji mai ƙarhi DaVinci Resolve kyauta ne. Ka samo hoton wutar baki ka ɗora daidai bakin bututu, amma ka tuna kamara hoto 25 take ɗauka a daƙiƙa, wutar nan hoto ɗaya za ta zauna, in ta yi yawa biyu. Masu barin ta rabin daƙiƙa su ne fim ɗinsu ke komawa kamar an kunna risho. Kar kuma ka maimaita wuta iri ɗaya a kowane harbi, ka juya ta, ka rage, wani harbin ma ka bar shi babu wuta sai ɗan hayaƙi, da rana tsaka dama ba kasafai ake ganinta sosai ba. A hoton da wutar ta hito ka ɗan ƙara haske a huskar mai harbin da hannunsa, in da dare ne ka sa wani ya ƙyasta tocila a gehe daidai bugun falankin. Ƙara kuwa kar ka ɗauki guda ɗaya ka yi ta liƙawa, kunne na ganewa. Harbin kusa daban, na nesa daban, na cikin ɗaki daban da na hili. Kuma sauti mita 340 yake yi a daƙiƙa, in mai harbin na can nesa a tsallaken gulbi, a ga wuta tukuna sannan ƙarar ta iso. Ɗan wanga jinkirin kaɗai na sa mutum ya gyara zama.

Inda harsashi ya sauka, tiyo dogo munka binne cikin rairayi, bakin na kallon sama da ɗan garin ƙasa da toka a ciki, ɗaya bakin a famfon keke ko a bakin wani mai ƙarhin huhu, a bugu ɗaya ƙura ta yi tsalle. Kar ka sa nokawut, kar ka sa fetur, kar ka bari wani ya ce ya iya haɗa abin hwashewa da ashana. Jini kuma bisab ne mai kauri da sukari da anka dafa ya yi danƙo, da ɗan garin Nescafé don ya yi duhu. Yana kyau ƙwarai a kamara, illarsa ɗaya ƙuda, gawarmu ta sha wahala ranar, yana kwance yana hura hanci wai shi matacce.

To ga maganar takarda da na ce kar ka tsallake. Karonmu na farko, tun kahin wanga fim, mu bakwai munka hau babura da sassahe munka nuhi wani hili a bakin gulbi bayan gari, ba mu gaya ma kowa ba, wai kar yara su taru su ɓata muna ɗauka. Munka sa kaki na gwanjo, ukku sunka naɗa rawani sunka rufe huska su ne 'yan daji, bindigogi a rataye. Ba mu yi minti ashirin ba sai ga wasu mata sun hito daga gona da itace a ka. Ban taɓa manta abin da na gani ba, ta gaban ta saki itacen, ta saki takalmi, goyonta na kuka ta juya da gudu tana salati, sauran sunka bi ta. Mu muna ta ɗaga hannu muna wasa ne, wasa ne, wa zai tsaya ya ji? Wanda maciji ya sara in ya ga baƙin tsumma gudu yake, kuma kowa ya san abin da mutanen karkara ke gani a yankin nan na bakin iyaka, daga wajen Madarunfa har Gidan Rumji, satar shanu da ɗaukar mutane. Kahin mu tattara kaya maza sun hito da sanduna da gwafa, can kuma sai ga motar jami'an tsaro. Allah ya sa wanda ke jagorantarsu mai natsuwa ne, ya daka tsawa mu zubar mu kwanta, munka kwanta huska cikin rairayi. Ya ɗauki ɗaya ya jinjina ya ƙwanƙwasa a taya, ya ce katako? Mun wuni muna bayani, sai da iyayenmu sunka zo, bindigogin kuma ba mu sake ganinsu ba. Laihinmu ne ɗari bisa ɗari. Da wani ya firgita ya saki wuta hwa? A Amurka ma da doka ta sa a riƙa sa jan baki mai ruwan lemu a bindigar wasa, a 2014 ɗan sanda ya harbe wani yaro Tamir Rice mai shekara 12 a Kilibland, bindigar wasa ce a hannunsa wadda alamar ta cire.

Saboda haka ga yadda muke yi yanzu. Sati biyu kahin ɗauka muna rubuta wasiƙa da sunan ƙungiya, ranaku, awoyi, wurin da za a yi, yawan mutane, yawan bindigogi da abin da anka yi su da shi, da hotonsu, da lambar mutum biyu. Mu kai ma hukumar gari, mu kai ma 'yan sanda in cikin gari ne, jandarma in waje ne, mu ɗauki guda ɗaya a buhu su gani su taɓa. Maganar kaki ma a nan ake yin ta, kar ka ɗinka irin na sojan ƙasa sak da tuta da galo, ka tambaya abin da sunka yarda da shi, mu namu wani kore ne da ba na kowa ba da tambarin da munka ƙirƙira. In sun ce a'a ga wani wuri, a'a ce, ka canza. Duk takardar da anka buga ma hatimi ka yi kofi ukku, ɗaya a aljihun darakta, ɗaya a akwatin bindigogi, ɗaya a gida. Bayan hukuma sai mai gari ko mai unguwa, da ƙahwarka za ka je, ka durƙusa ka gaishe shi, ranka ya daɗe ga abin da ke tahe da mu, ka roƙi a sanar a masallaci tun daren jajibiri, mata su ji, makiyaya su ji. Ranar ɗauka a rubuta ANA ƊAUKAR FIM da manyan baƙaƙe a kwali ko zane a kafa ta kowace hanya, a sa mutum biyu da riga mai haske suna tare masu wucewa. Yara za su taru, eh, ka haƙura da su, ka ja musu layi a ƙasa ka ba babbansu muƙamin mai tsaro, za ka sha mamakin yadda zai riƙe maka su.

Sannan mutum ɗaya tak ke da bindigogi. Ba darakta ba, ba jarumi ba, wani natsattse da ba ya shiga fim ɗin. Namu akwatin ƙarhe ne irin na amare da kwaɗo biyu, kowace bindiga da lamba a ƙasan gindinta da farin fenti, da littahi, wane ya amshi lamba 4 ƙarhe tara, ya maido sha ɗaya da rabi, ya sa hannu. Kowace safiya yana duba su ɗaya-ɗaya a gaban kowa, ya nuna bakin a toshe yake, duk da mun san katako ne, don ranar da wani zai shigo da abin da ba namu ba a gane nan take. A hanya kuma cikin akwati suke a mota, ba a rataye a kabu-kabu ba, kaki ma sai an isa ake sawa a cire kahin a taso, kuma duk wadda ba a gaban kamara take ba muna ɗaura mata jan ƙyalle a baki. In an tashi ba mai motsawa sai an ƙirga 12. Akwai ranar da munka samu 11, magariba ta yi, kowa ya gaji, munka kunna tocilan salula muna bin ciyawa kusan awa guda, ashe gawarmu ce ta kwanta a kan ta soson ta yi matashi da ita, barci ya kwashe shi tun ɗauka ta ukku.